Gidan Magajin Shagari: Malamin da Bai Nema Ba, da Lauyan da Ya Samu Ya Saki

Masu karatu ina neman afuwar waɗanda suka ƙagu su ji yadda za ta ƙare tsakanin masoyan da muka bari tsaye a ƙofar gida. Ku ƙara haƙuri, ba inda za su. Wannan karon wani labari ne na gaske ya tsaya mini a rai, kuma na lura in ban sauke shi ba alƙalamina ba zai koma kan soyayya da daɗin rai ba.

Asalin abin wani littafi ne na so rubutawa, wanda tauraronsa lauya ne ɗan ƙaramin gari, ɗan gidan sarauta, da ya tsunduma siyasa. Na zauna na ƙulla labarin yadda ya ci zaɓen fid da gwani, tutar takara tana hannunsa, sai manya suka kira shi cikin dare suka ce ya miƙa wa wani. Da na karanta wa wani abokina mai sayar da littattafai a nan Kano, sai ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Malam, ina ƙirƙira a nan? Ai labarin Mukhtari Shagari ka kwaso. Kuma in gaya maka, ko ka buga ba zai tafi ba, don masu karatunmu ba sa son tauraron da za a karɓe wa abu ya ce ya gode." Na yi shiru, domin gaskiya ce ya faɗa, har biyu.

Bayan wannan da 'yan watanni ɗaurin auren wani ɗan'uwa ya kai ni ƙasar Sakkwato. Mun bar birni mun kama hanyar Jega, mun wuce Boɗinga kaɗan ke nan sai motar ta fara tari, ta mutu mana a Sifawa. Direba ya tafi neman makanike, mu kuma muka nemi inuwa. A gindin wata bishiyar dogon yaro na tarar da wani dattijo yana tufka igiya, na durƙusa na gaishe shi.

"Yaro, daga ina kuka hito?"

Na ce, "Daga Kano, Baba."

Ya dube ni ya ce, "To ka san inda kaka tsaye? Nan Shehu ya zamna kahin Sakkwato. Ku baƙi Hubbare kaɗai kuka sani, ba ku san Sihwawa ba."

Wallahi kunya ta kama ni, domin abin da na riƙe na tarihin jihadi daga sakandare bai wuce Degel da Gudu da Alƙalawa ba. Wannan kunyar ce ta sa da na dawo gida na shiga tambaya da karance-karance, har na gane cewa labarin lauyan da nake son rubutawa yana da saiwa mai zurfi a wannan 'yar hanya da ta tashi daga Boɗinga, ta bi Sifawa, ta ratsa Shagari, ta wuce Tambuwal.

Bayan an ci Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya taso daga Gwandu ya sauka Sifawa wajen 1810, ya zauna nan yana karantarwa yana rubutu har 1815 da ya koma Sakkwato, inda Allah Ya yi masa rasuwa a 1817. A wannan zaman na Sifawa ne, cikin 1812, ya raba ɗawainiyar mulki biyu: gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello, yamma a hannun ƙaninsa Malam Abdullahi. Shi Malam Abdullahi a Boɗinga ya zauna, nan kusa da yayansa. In ana maganar masana shari'a a ƙasar Hausa, to daga kansa ake farawa. Shi ne wanda ganin yadda son duniya ya fara shiga zukatan wasu mayaƙa ya sa ya bar runduna da niyyar tafiya gabas, da ya iso Kano mutanenta suka riƙe shi, ya rubuta musu littafin Diya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da hukunci, sannan ya koma gida.

Da Shehu ya rasu, jama'ar Sakkwato suka yi wa Bello mubaya'a. Malam Abdullahi ya taso ya tarar an rufe ƙofar gari, ya juya. Shi ne babba, shi ne malami, shi ne ya jagoranci yaƙin Tafkin Kwatto, amma bai ɗaga takobi a kan ɗan ɗan'uwansa ba. Bayan 'yan shekaru, a Kalambaina, Bello ya kawo masa ɗauki, kuma masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, sai Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Ban kawo wannan don in haɗa waɗannan bayin Allah da 'yan siyasar zamaninmu ba, Allah Ya kiyaye. Na kawo ne don mai karatu ya san cewa a wannan yanki yaro yana tashi ne yana jin ana yabon mutumin da ya cancanci abu ya bar wa wani don a zauna lafiya.

To, mu ƙarasa Shagari. Garin Fulani ne, kuma wanda ya kafa shi, Ahmadu Rufa'i, shi ne ya fara riƙe sarautar Magajin Shagari. Daga zuriyarsa aka sami Magaji Aliyu, manomi, makiyayi, ɗan kasuwa, wanda da sarauta ta zo masa ya rage harkar fatauci domin al'ada ba ta yarda mai sarauta ya riƙa ciniki da talakawansa ba. A gidan Magaji Aliyu aka haifi yaro ranar 25 ga Fabrairu 1925, aka sa masa sunan Shehu Usmanu. Yana da kamar shekara 5 mahaifin ya rasu, sarauta ta koma hannun yayansa Bello. Maraya ne aka ɗauka aka kai elementare ta Yabo a 1931, daga nan Midil ta Sakkwato a 1936, sannan Kwalejin Kaduna daga 1941 zuwa 1944, wadda ita ce daga baya ta koma Zariya ake kiranta Barewa. Kamar sauran 'yan makarantar wancan zamani, irin su Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano, sunan garinsu ne ya manne masa, har ya kai wannan ɗan ƙaramin gari bakin duniya.

Malamin makaranta ya fito. Ya koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato, ya yi hedimasta a Argungu. Mu marubuta ma muna da rabo a cikinsa, domin shi ne mai Waƙar Nijeriya, wadda ya tsara don yara su haddace ƙasarsu da garuruwanta, kuma daga baya shi da Jean Boyd sun rubuta littafi a kan shugabancin Shehu ɗan Fodiyo. Ya riƙe sakataren jam'iyyar NPC a Sakkwato, a 1954 aka zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Ikko, a 1958 ya zama sakataren majalisa na Firayim Minista Tafawa Ɓalewa, daga nan sai ma'aikatu suka yi ta biyo juna: raya tattalin arziki, harkokin cikin gida, ayyuka. A 1962 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya naɗa shi Turakin Sakkwato. Da sojoji suka kashe Sardauna da Ɓalewa a Janairun 1966, ya tattara ya koma gida, ya kama aikin asusun raya ilimi na lardin Sakkwato. Janar Gowon ya sake kiransa Ikko a 1970, a 1971 kuma ya gaji Cif Awolowo a kujerar kwamishinan kuɗi na tarayya har 1975.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da ya faru a 1978. Shi da kansa ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa cewa burinsa bai wuce kujerar Majalisar Dattawa ba. Jam'iyyar NPN ce ta matsa masa. A taron fid da gwani da aka yi a Ikko cikin Disamba, mutum shida suka tsaya, ya zo na ɗaya amma bai kai adadin da ake buƙata ba, sai a sake zagaye. Kafin a sake, Alhaji Maitama Sule da Malam Adamu Ciroma suka janye masa. Mai karatu ya riƙe wannan: a 1978 wasu ne suka janye wa gidan Shagari.

Nan kuma lauyoyi suka shigo labarin, kuma mu Kanawa da mu aka yi lissafin. An yi zaɓe ranar 11 ga Agusta 1979. Shagari ya sami ƙuri'a miliyan 5 da dubu 600 da 'yan kai, Awolowo miliyan 4 da dubu 900 da 'yan kai. Sai dai doka ta ce yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ɗan takara ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi. Jihohi a lokacin 19 ne. Shagari ya cika sharaɗin a jihohi 12, ta 13 ita ce Kano, gidan Malam Aminu da PRP, inda ya sami ƙuri'a 243,423 cikin 1,220,763, wato kashi 19.94 cikin ɗari, bai kai 25 ba. Awolowo, wanda shi ma babban lauya ne, ya ce kashi biyu cikin uku na 19 ai 13 ne, tunda ba a yanka jiha kamar rake, don haka a tafi zagaye na biyu. Lauyan NPN, Cif Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku, saboda haka a raba ƙuri'un Kano uku a ɗauki kashi biyu, wato 813,842, a nemi rubu'insu, wanda bai wuce dubu 203 da 'yan kai ba, kuma Shagari ya haura haka. Ranar 26 ga Satumba, saura kwana 5 rantsuwa, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Mai Shari'a Fatai-Williams ta tabbatar wa Shagari, Mai Shari'a Kayode Eso ya ƙi yarda. Ranar 1 ga Oktoba Janar Olusegun Obasanjo ya miƙa masa mulki, Akinjide kuma ya zama ministan shari'a. Marigayi mahaifina, ɗan taɓo ne na gani-kashe-ni, har ya bar duniya in an ambaci wannan shari'a sai ya ce, "An yanka mu uku an ci biyu."

Ni lokacin mulkinsa ina goye, abin da na sani daga bakin manya ne da littattafai, sai kuma gidajen Shagari Kwatas da muka taso muna gani. Kusan kowa ya yarda mutum ne mai sauƙin kai, mai haƙuri, marar son hayaniya. Amma tarihi ba ya cika da yabo kaɗai. A Janairun 1980 gwamnatinsa ta kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye na majalisar jihar Borno ɗan GNPP, ta tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai da kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne a dawo da shi. A Afrilun wannan shekara, a cikin jiharsa ta haihuwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta kan manoman da aikin madatsar Bakolori ya raba da gonakinsu suna neman diyya, kuma har yau ana jayayya a kan yawan waɗanda suka mutu. A Disamba rikicin Maitatsine ya ci dubban rayuka a Kano. Farashin man fetur ya faɗi, a 1982 aka shiga tsuke bakin aljihu, a farkon 1983 aka kori baƙin haure fiye da miliyan ɗaya, mafi yawansu 'yan Ghana, abin da ya bar mana sunan jakar nan da kowa ya sani. Ana cikin haka zancen lasin ɗin shigo da shinkafa da facakar wasu na kusa da gwamnati ya cika gari. Mutanen da suka rayu a lokacin sukan ce shi bai ci ba, amma bai tsawata ba. Ni kuwa nakan ce haƙurin shugaba ba kamar haƙurin talaka ba ne, domin in shugaba ya haƙura da ɓarna, wani ne can a ƙauye yake biya.

Ya sake cin zaɓe a Agustan 1983 cikin ƙorafin maguɗi, ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da shi, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau. Birgediya Ibrahim Bako, wanda aka tura Abuja ya taho da shi, a daren ya rasa ransa. Aka tsare Turaki har 1986, lokacin Janar Babangida, bayan kwamitin bincike bai same shi da laifin cin dukiyar jama'a ba, aka mai da shi Shagari aka yi masa ɗaurin talala. Gidan bai fita daga hidimar jama'a ba: babban ɗansa Kyaftin Bala, wanda soja ne lokacin juyin mulkin, daga baya ya zama Sarkin Mafaran Shagari, wani ɗan nasa Aminu kuma ya wakilci Yabo da Shagari a Majalisar Wakilai.

Yanzu sai lauyan namu. An haifi Mukhtari Shehu Shagari ranar 26 ga Disamba 1956, lokacin Turaki yana ɗan majalisa a Ikko. Mutane da yawa suna ɗauka ɗan cikinsa ne saboda sunan, alhali ɗa ne gare shi ta wajen 'yan'uwantaka, wanda a al'adarmu duk ɗaya ne. Ya karanta shari'a, ya wuce makarantar horon lauyoyi ta Ikko, ya yi aikin lauya a Sakkwato, har ya riƙe kwamishinan shari'a na jihar. A 2001 Obasanjo, wanda ya dawo a farar hula, ya naɗa shi ministan albarkatun ruwa, ya zauna a wannan kujera har farkon 2007, abin da ba kowane ministan Obasanjo ya samu ba, domin mutumin ba ya jimirin zama da minista. A zamaninsa aka kafa majalisar ministocin ruwa ta Afirka a Abuja cikin 2002, shi ya fara shugabantarta.

Sai a duba yadda Sakkwato take a lokacin. Tun 1999 PDP ba ta taɓa cin kujerar gwamna a jihar ba, Alhaji Attahiru Bafarawa ne yake riƙe da ita, da farko a APP wadda ta koma ANPP. Bafarawa ya ɓata da mataimakinsa Aliyu Magatakarda Wamakko, wanda Sakkwatawa suke kira Alu, har Alu ya ajiye muƙaminsa a Maris 2006. Bafarawa ya tafi sabuwar jam'iyyarsa DPP ya tsai da Muhammadu Maigari Dingyaɗi, mutumin ƙasar Boɗinga. Alu ya sami tutar ANPP. Mukhtari kuma ya shiga zaɓen fid da gwani na PDP a ƙarshen 2006, ya ci.

Daga nan ne abin da na rubuta a littafina ina zaton ƙirƙira ce ya faru. Obasanjo da manyan PDP suka yi lissafi suka ga jama'ar gari suna tare da Alu, in aka jawo shi to Sakkwato ta samu. Aka jawo shi, aka nemi Mukhtari ya sauka ya ba shi tutar, shi kuma ya zama mataimaki. Ya amince. Mutumin da ya miƙa wa baffan mulkin ƙasa a 1979, shi ne ya karɓi tutar jiha daga hannun ɗan a 2007. Ikon Allah ke nan.

Abin da ya sa wannan ya tsaya mini a rai shi ne, a daidai wannan lokaci an yi irin haka a jihar Ribas. Rotimi Amaechi ya ci zaɓen fid da gwani na PDP, aka cire sunansa aka sa Celestine Omehia. A lokacin Amaechi ba lauya ba ne, Turanci ya karanta a jami'a, amma ya garzaya kotu. Dokar zaɓe ta 2006 ta ce jam'iyya ba za ta sauya ɗan takara ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili da za a iya tabbatarwa. Aka yi zaɓe, Omehia ya ci, aka rantsar da shi, yana cikin mulki ranar 25 ga Oktoba 2007 Kotun Ƙoli ta ce a idon doka Amaechi ne ɗan takarar PDP, a ba shi kujerarsa. Mutumin da ko kamfen ɗin babban zaɓe bai yi a matsayin ɗan takara ba ya zama gwamna, ya yi kusan shekara 8. Wanda bai karanta doka ba ya kama ta da hannu biyu, wanda ya karanta ta ya ajiye ta don biyayya. Kuma da zarar mutum ya janye da yardarsa, to babu sauran ƙara, wannan ko ni da na tsaya a sakandare na sani, balle shi.

Kada in yi masa rashin adalci. Tuta daban, kujera daban. A Ribas duk wanda PDP ta tsayar a lokacin ya ci, a Sakkwato kuwa da Mukhtari ya ƙi, da an shiga zaɓe kashi uku: shi, da Alu mai jama'a, da Dingyaɗi mai gwamnati a bayansa, ga kuma shugaban ƙasa ya yi fushi da shi. Mai yiwuwa ya duba ya ga da babu gara ba daɗi. Kuma abin da magoya bayansa suka ɗauka shi ne, in Alu ya gama nasa, layi ya zo kansa.

Kujerar mataimakin ma ba ta zaunu lafiya ba, kotu ta yi ta tashinsu. Dingyaɗi ya kai ƙara, ranar 11 ga Afrilu 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kaduna ta rushe zaɓen, babban dalili kuwa shi ne wannan sauyin sheƙa na gaggawa, domin an sami Alu da tsayawa a jam'iyyu biyu. Gwamna da mataimaki suka sauka, kakakin majalisa Abdullahi Balarabe Salame ya riƙe, aka sake zaɓe a watan Mayu suka dawo. Shari'ar ba ta mutu ba, ta ci gaba da yawo tsakanin kotuna har ta haɗa manyan alƙalan ƙasa faɗa, inda shugaban Kotun Ɗaukaka Ƙara Ayo Salami ya zargi Alƙalin Alƙalai Aloysius Katsina-Alu da neman sa baki a shari'ar Sakkwato, shi kuma ya musanta, a ƙarshe aka dakatar da Salami a 2011. Ranar 27 ga Janairu 2012 Kotun Ƙoli ta sake sauke su tare da gwamnonin Adamawa, Bayelsa, Kuros Riba da Kogi, ta ce wa'adinsu ya ƙare tuni. Aka sake zaɓe a Fabrairu, suka sake dawowa. Sau biyu ana sauke lauya daga kujerar da ya karɓa a madadin tasa.

A Nuwamban 2013 gwamnoni biyar suka fice daga PDP zuwa APC. Cikinsu akwai Kwankwaso namu, akwai Alu, akwai kuma Amaechi, wato wanda aka ba tutar wani da wanda ya ƙwato tasa a kotu, suka fita ta ƙofa ɗaya. Mukhtari ya ƙi bin gwamnansa, ya tsaya a jam'iyyar da ya yi wa biyayya, ya ƙarasa wa'adinsa yana mataimakin gwamnan da ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Duk wanda ya san siyasar ƙasar nan ya san irin zaman da mataimaki yake yi in haka ta faru. To ga PDP ta rasa gwamna, ga wanda ya sadaukar da tutarsa ya tsaya mata, kowa ya ce ai yanzu kam an gama. Aka yi zaɓen fid da gwani a Disamban 2014, tutar ta tafi hannun Sanata Abdallah Wali. A babban zaɓen 2015 kuma wanda ya ci kujerar shi ne Aminu Waziri Tambuwal na APC, shi ma lauya, shi ma ɗan gidan sarautar ƙaramin gari, garin da ke gaba kaɗan a kan wannan hanya dai. A 2022 Mukhtari ya sake neman tutar PDP, aka ba Sa'idu Umar.

Na daɗe ina juya abin a raina. Mutane suna yabonsa da biyayya da dattaku, ni ma ban hana ba, domin a zamanin da 'yan siyasa suke sauya jam'iyya kamar riga, wanda ya tsaya shekaru a wuri ɗaya yana shan wuya ya cancanci a faɗa. Amma akwai waɗanda ba a cika tunawa da su ba, su ne wakilan da suka taso daga ƙauyuka suka kwana a filin zaɓe suka jefa masa ƙuri'a a 2006. Tutar nan da hannunsu suka ba shi, kuma da aka zo miƙa ta ba a sake tara su an tambaye su ba. Malam Abdullahi da ya bar wa Bello, jama'a sun riga sun yi mubaya'a, ya bi abin da jama'a suka yi ne don kada a zub da jini. A 2007 kuwa jama'ar jam'iyya sun zaɓa, manya suka warware daga Abuja. Laifin manyan ya fi yawa, wannan ba shakka, sai dai lauya ya fi kowa sanin cewa abin da aka ba ka amana ba ka kyauta da shi kai kaɗai. Nan ne na ga kamar haƙurin gidan ya sake maimaita kansa, na baffan da na ɗan, kowanne ya fita da mutuncinsa, kuma kowanne akwai waɗanda suka biya kuɗin haƙurin ba da saninsu ba.

Turaki ya rasu ranar 28 ga Disamba 2018 a Abuja yana da shekara 93, washegari aka kai shi Shagari aka binne. Wanda yake shugaban ƙasa a ranar shi ne Buhari, mutumin da ya sauke shi shekara 35 da suka wuce, saura kwana 3 su cika cif.

Mu kuwa a Sifawa sai bayan la'asar makanike ya shawo kan motar. Na koma na yi wa dattijon nan sallama, ya sa mini albarka ya ce in na koma in gaida Kanawa. Muka iso Shagari ana kiran magariba, direba ya tsaya muka yi salla a bakin hanya, wani fasinja ya nuna mini wajen da gidan Turaki yake, ban dai samu na ƙarasa ba don an riga an yi mana waya sau uku daga gidan biki.

Littafin nan kuwa yana nan cikin akwati, na tsaya a babi na tara, inda manya suka ajiye wa lauya takarda da biro a kan tebur cikin dare. Abokina mai littattafai ya ce in sa ya yaga takardar ya tafi kotu, matata ta ce in sa ya sa hannu amma daga baya Allah Ya saka masa. Har yanzu ban rubuta ko ɗaya ba.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, mu koma wajen masoyanmu.